Shirun da Aka Mayar Hujja: Shekara Goma Sha Biyu Babu Yaya Mu'azu

A watan nan na Rajab yayana Malam Mu'azu ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba ni ce auta, kuma tazarar da ke tsakaninmu ta isa a ce shi ya haife ni. Duk shekara in watan ya kama nakan dafa abin sadaka in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in kama bakina. Bana na ce kamun bakin ya isa. Shi ya koya mini riƙon alƙalami ina da jikoki, don haka in rubutun nan ya karkace mai karatu ya yi haƙuri, icen da aka tanƙwara bayan ya bushe ne. Abin da zan faɗa dai bai karkace ba.

A Nasarawa Burkullu aka haife mu. Shi kaɗai aka sa boko a gidanmu, ya zama malamin makaranta, ya koyar a Bukkuyum da Gummi, ya ƙarasa aikinsa a Anka inda ni ma aure ya kawo ni. Yana saurayi gwamnati ta tura shi Amurka ƙaro ilimi tare da wasu malamai. Da ya dawo sai sunan ya bi shi, Malam na Amurka, har ya mutu. Mutane kan taru a ƙofar gidansa su ce ya ba su labarin benaye masu taɓa gajimare da injin da ke wanke tufafi, shi kuma ya ɗauko musu labarin kotu. Wani maƙwabcinsa ya taɓa cewa kuɗin jirgin Malam asara aka yi, an tura mutum ƙasar motoci ya dawo da shari'a. Yaya ya yi dariya har da hawaye. Ba mai faɗa ba ne. Faɗan gidanmu duk ni aka ba.

Yadda na shiga aji kuwa, ba son ilimi ya kai ni ba, haushi ne. Mijina ya rasu ya bar ni da yara da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wani zaɓe da aka yi, wani ɗan siyasa ya tara mu mata a zaure ya nuna mana hoton da za mu dangwala wa yatsa, muka je muka dangwala, muka dawo da sabulu. Na ba Yaya labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in zauna.

Ranar ya ba ni labarin tsohuwar da ya zauna a gidanta a wata jihar kudu ta Amurka, baƙar fata, jikar bayi, wadda ta yi aikin koyarwa har ta tsufa. Ya ce dokar ƙasarsu tun da daɗewa ta rubuta cewa ba a hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Sai masu iko a jihohinsu suka ce to, ba launi muke dubawa ba, karatu muke dubawa. In baƙi ya zo yin rajista a miƙo masa wani sashe mai wuya na tsarin mulki a ce ya karanta ya fassara, kuma magatakardan da ke zaune shi ke yanke ko ya ci ko ya faɗi. Ita malama ce, tana koya wa yara karatu, amma duk zuwanta sai a ce ta faɗi. Sai da gashinta ya yi fari, bayan an yi ta zanga-zanga ana dukan mutane ana sakar musu karnuka, sannan aka soke wannan jarrabawa ta jefa ƙuri'arta ta farko. Yaya ya ce can an yi amfani da karatu an hana mutane ƙuri'a, nan ana amfani da rashinsa a karɓe tamu da sandar sabulu. Na ji kunya, kunyar ta koma haushi. Mako bai zagayo ba ya buɗe mana aji a zaurensa bayan la'asar, mu mata masu sana'a, kowa da tabarmarta.

Bai taɓa nuna mana Amurka a matsayin aljanna ba. Yakan ce ƙasa ce da ta rubuta kyakkyawar magana a takarda tun farko, cewa mutane duka daidai aka halicce su, alhali wasu daga masu rubutun suna da bayi a gonakinsu. Abin da ya burge shi ba takardar ba ce. Waɗanda aka danne ne, da suka ɗauki takardar nan suka riƙa kai wa masu iko a fuska, suna cewa ku kuka rubuta, ku cika. Tsohuwar nan ta gaya masa cewa tana yarinya an zo an fitar da kawunta daga gida bisa zargi. Ba alƙali, ba shaida. Taron mutanen gari suka rataye shi a itace, kuma cikin taron har da masu shago da masu zuwa coci, mutanen da ke gaisawa da shi. Yaya ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne da ta ce babu wanda ya ɗauki kansa mai kisan kai a cikinsu, kowa gani yake ya tsare garinsa.

Akwai kuma wani malamin su Yaya a can, ɗan asalin Japan, haifaffen Amurka, wanda aka kwashe su yana ƙarami lokacin babban yaƙin duniya, shi da iyayensa da duk masu irin fuskarsu a yankin, aka zuba su sansani aka kewaye da waya. Ba su yi komai ba, ƙasar kakanninsu ce ta kai hari. Har babbar kotun ƙasar ta goyi bayan abin a lokacin, sai bayan shekaru masu yawa gwamnati ta nemi gafara. Yaya kan ce doka takan yi ƙarfi ranar da ake zaman lafiya, amma ranar da tsoro ya shigo gari ita ce ta fara neman maɓoya, in ba a sami masu riƙe ta ba.

Darasin da muka fi yin gardama a kansa shi ne na shiru. Ya ce a can in an kama mutum dole a gaya masa yana da ikon ya yi shiru, yana da ikon a kawo masa lauya ko ba shi da ko sisi, kuma in aka je gaban alƙali mai gabatar da ƙara ba shi da damar cewa ku duba, ya ƙi magana, ashe shi ne. Na ce wannan kam shirme ne. In nama ya ɓace a tukunya na tambayi yaro ya sunkuyar da kai, ai na gama bincike. Matan aji suka goyi bayana. Yaya ya bari muka gama surutu, sannan ya ce mutum yakan yi shiru don tsoro, yakan yi don kunya, yakan yi don bai ji harshen da ake tambayarsa ba, yakan yi don ya san ko ya faɗi ba za a yarda ba. Ya ce mai laifi ma sau da yawa ya fi kowa baki. Ya ƙara da cewa kada mu ɗauka kayan Turawa ne, tsarin mulkin ƙasarmu ya ba wanda aka kama wannan iko, kuma tun kafin su duka addininmu ya ɗora kawo hujja a kan mai ƙara, ba a kan wanda ake ƙara ba. Ban yarda ba ranar. Na tashi ina cewa Yaya ya daɗe bai yi renon yara ba.

Ya rasu kafin wuta ta game mana ƙasa. Ya ga farkonta, satar shanu nan da can, da rikicin gona da burtali, da lokacin da gubar dalma ta cinye yara a yankin Bagega, abin da ya sa shi kuka a gabana. Amma bai ga an bar gonaki sun zama daji ba. Bai ga manomi yana biyan ɗan bindiga kafin ya girbe geron da ya shuka ba. Bai ga mata suna kwana da takalmi a ƙafa ba. Wani lokaci nakan ce Allah ya ji ƙansa ne da ya ɗauke shi da wuri. Wani lokaci kuma nakan ji haushinsa, in ce ya koya mini abu ya tafi ya bar ni da shi ni kaɗai.

Ban faɗi wannan daga inuwa ba. Shekara uku da suka wuce 'yan bindiga suka tare hanyar Bagega suka kashe mutane, cikinsu har da mijin 'yata Saratu, ɗan kabu-kabu, wanda bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. A tsakar gidana aka yi zaman makoki. 'Ya'yansa a ɗakina suke kwana har yau. Saboda haka duk wanda zai ce ban san zafin abin ba, ya zo ya ƙirga bakunan da nake ciyarwa.

Bayan wannan hari samarin unguwa suka ƙara ƙarfin sintiri, kuma wanda suka sa a gaba shi ne ɗan farina. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, kamar yadda ban taɓa kiransa da baki ba. Mai karatu Bahaushe ya san dalili. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna nata ne. A hannun Innarmu ya tashi, ni sai dai in ce "wancan" ko "yaron nan". Mijin Saratu abokinsa ne tun suna yara, shi ya haɗa auren, shi ya ɗauko gawar a bayan mota. Tun ranar idonsa ya canza. Ban zarge su da tsaron gari ba. Wanda aka bari ba mai tsaronsa dole ya tsare kansa.

Ina da ƙawa Bafillatana, Hajo, mai tallan nono. Fiye da shekara ashirin gidana ne masaukinta ranar kasuwa. Nan take ajiye ƙorai, ta yi salla, ta sha ruwa, mu yi musayar man shanu da ƙuli-ƙuli, ta yi mini tsiyar Haɓe ba su iya dama fura ba, in yi mata tsiyar Fulani sun fi son saniya da miji. Su ma an kore musu shanu, an kashe ƙanin mijinta da ya ƙi ba da ɗansa ga mutanen daji. A daji ana ce musu 'yan rahoton gari, a gari ana ce musu 'yan rahoton daji. Ɗanta na fari Buba na san shi tun yana goye. Ita ma, kamar ni, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma kunyar Fulani a wannan ta ninka tamu.

Wata ranar kasuwa, ba a daɗe da yin arba'in ɗin surukina ba, ina tuyar ƙuli wata mai sayar da daddawa ta shigo da gudu ta ce an kama wani Bafillace a layin masu maganin dabbobi, an kai shi rumfar 'yan sintiri, kuma an zo an tafi da Hajo daga inda take talla. Na sauke kaskon na ja mayafi.

Na tarar da taro. Buba na zaune a ƙasa an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar babur, leɓensa ya fashe. Laifinsa, ya sayi kanwa da allurar shanu da burodi fiye da na bakin mutum ɗaya, kuma an ga waya a aljihunsa. An ce masu kai wa 'yan bindiga saƙo haka suke sayayya. An yi ta tambayarsa, wa ya aike ka, ina za ka kai, shi kuwa kansa a ƙasa. Wanda ya san Fulani ya san filako. Namiji ba ya roƙo, ba ya kuka, ba ya kare kansa da surutu gaban taro, balle ga uwarsa a tsaye. Da wani ya ce ai ɗan rugar su Hajo ne sai aka ce a kawo ta ta shaida.

Ina isa wani daga cikinsu yana nuna shi da gora yana tambayarta.

"Ke, dube shi da kyau. Wanga ɗanki na?"

Hajo ta kawar da kai wajen bango, ta ja gefen zanenta ta rufe baki. Ko uffan.

"Kun gani? Ko ita ba ta san shi ba. Shi ya yi shiru, ita ta yi shiru. Mi ya rage?"

Sai na ji ana cewa a kai shi bayan gari. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san wanda aka kai bayan gari ba ya dawowa. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu baƙo a cikinsu. Da sojan da aka kawo daga kudu ne ya ga uwa ta kawar da kai ya ce ta ƙi ɗanta, sai in ce bai sani ba. Waɗannan kuwa kowannensu ya tashi a gidan da ake wannan kunya. Baƙin ciki da tsoro ne suka rufe musu abin da suka sani tun suna shan nono.

Ɗan farina na tsaye a bakin rumfar da bindigar toka a kafaɗa. Tun da na haife shi ban taɓa tsayawa gabansa cikin mutane na yi masa magana ba. Ranar na ratsa maza na tsaya.

"Kai. Ɗago ka dube ni."

"Inna, ki koma gida. Wagga ba maganar mata ba ta."

"Tun da na haihe ka, ka taɓa jin sunanka a bakina?"

Ya duba gefe. Na ce tambayarsa nake.

"A'a."

"To gobe in an kama ka a kasuwar Gummi, aka jawo ni gaban jama'a aka ce wanga ɗanki na, mi kake zaton zan yi?"

Bai amsa ba. Na jira. Kasuwar ta yi tsit har ana jin kukan awaki daga kara, inda ake sayar da dabbobi.

"Ga shi kai ma ka yi shiru. A kawo igiya?"

Wani daga baya ya ce tsohuwa ta yi boko da furfura ta zama lauya. Na waiga na gane shi, na ce shi da na yi wa uwarsa wankan jego, in yana da magana ya matso gaba in ji ta da kyau. Bai matso ba. Wasu suka yi dariya, irin dariyar da mutum ke yi in yana neman hanyar sauka daga abin da ya hau.

Na zauna a ƙasa a bakin rumfar, na miƙe ƙafa. Na nuna Hajo na ce wannan matar uwar Buba ce, ni shaida ce, a gidana ta yi ta goyonsa. Na ce wanda ya gan shi da idonsa a hanyar Bagega ranar da aka kashe surukina ya fito ya faɗa, ni zan fara riƙe shi. Ba wanda ya fito. Na ce wanda ya gan shi ya miƙa wa ɗan bindiga ko da ƙwayar ashana ya fito. Ba kowa. Na ce to burodi ba shaida ba ne, shiru ma ba shaida ba ne, in kuna zarginsa ga hukuma can, ga alƙali, wanda zai kai shi bayan gari kuwa sai ya tsallake ni, kuma na san sunan kowa a nan da na uwarsa, kuma yanzu na iya rubutu. Wani dattijo mai sayar da goro, Allah ya saka masa, ya ce gaskiya Hajiya ta faɗa, mai ƙara shi ke kawo shaida. Daga nan bakin wasu ya buɗe. Kafin la'asar ta yi sanyi aka ɗora Buba a babur aka kai shi hannun hukuma, ni da Hajo muna biye a wani babur, don in tabbata can ɗin aka nufa.

Kada mai karatu ya ɗauka na ce na san cikin Buba. Na san shi yaro mai ladabi, amma na ga masu ladabin da daji ya canza. Ranar ban zauna a ƙasa don na rantse ba shi da laifi ba. Na zauna ne don babu wanda ya nuna yana da shi, kuma ko yana da shi ba a rumfar kasuwa ake yanke wa ɗan Adam rai ba. Wannan bambanci shi ne abin da Yaya ya yi shekaru yana ƙoƙarin sa mini a kai ina gardama. Sai da na ga igiya a hannun ɗan ƙawata, da bindiga a kafaɗar ɗana, sannan ya shiga.

Kuma kada a ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Buba ya fi shekara a gidan yari a birni yana jiran shari'a. A sa rana a ɗaga, a sa rana a ɗaga. Takarda ta ce a kai wanda aka kama gaban alƙali da gaggawa, kuma an kai shi, amma takarda ba ta hana a manta da shi bayan nan ba. Na yi ta zirga-zirga a motar haya da Hajo, ni ke karanta mata allon kotu, ni ke tambayar magatakarda. Wata yarinya lauya daga masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta ta karɓi maganar, kuma a ƙarshe alƙali ya sallame shi don babu wanda ya zo ya ba da shaida a kansa. Ya fito da tari, ya tarar sauran shanunsu sun ƙare, rugarsu ta tashi. Sun yi kudu. Hajo ta zo ta kwashe ƙoranta daga bayan ƙofata, muka rungume juna.

Da Yaya na raye me zai ce da wannan zamani? Na sha tambayar kaina. Ya rayu ya ga baƙar fata ya mulki Amurka, ya kwana yana murna, amma ko a lokacin ya ce kada mu yi saurin guɗa, hawan mutum ɗaya ba ya sauke nauyin miliyoyi. Bai ga abin da jikata ta nuna mini a waya ba, ɗan sanda a can ya danne wuyan baƙin mutum da gwiwa a bakin titi har ya mutu, mutane na kallo suna roƙo. Da ya gani, na san abin zai ƙona masa rai. Amma na san kuma zai ce in duba abin da ya biyo baya, an gurfanar da ɗan sandan, an yi shari'a a fili, an ɗaure shi. Zai ce ba don sun fi mu tsoron Allah ba ne, don an sami waɗanda suka tsaya suka ƙi kawar da ido ne. Yanzu ma ina ji a rediyo ana kama baƙin haure a can ana jayayya a kotu kan ko an ba su damar kare kansu. Wato gardamar da tsohuwar gidansa ta tsufa a cikinta ba ta ƙare ba. 'Yanci ashe kamar gona yake, shekarar da ba a yi noma ba ciyawa ta dawo.

Mu kuma zai ce mana me? Ina jin ba zai fara da zagin samarin sintiri ba, 'ya'yan ɗalibansa ne, ya san abin da ya tura su. Zai fara da waɗanda aka ba amanar tsaronmu suka bar talaka da bindigar toka. Amma ba zai tsaya nan ba. Zai ce wanda aka zalunta ba a ba shi lasisin zalunci ba. Zai ce ranar da muka yarda a kashe mutum don kamanninsa da harshensa, mun sa hannu a kan takardar da za a kashe namu da ita a wani gari, inda mu ne masu baƙuwar fuska. 'Ya'yanmu nawa ke kudu suna tura baro da sayar da albasa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na san akwai waɗanda aka kai bayan gari a kasuwannin ƙasar nan da ba a sami mai zama a bakin rumfa ba. Uwayensu na nan, ba jaridar da ta ji su.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Wasu matan unguwa sun daina sayen maina, suna cewa uwar Fulani. Wannan bai hana ni barci ba, wanda ya ƙi man gyaɗata ya ci miyarsa lami. Wanda ya taɓa ni shi ne na cikin gida. Saratu ta yi kwanaki ba ta dube ni ba, sannan wata safiya muna tsince gyaɗa ta ce, "Inna, to wa ya kashe mini miji?" Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba, kuma ba a kama kowa ba. Amma na ce mata da an kashe Buba ranar, da kowa ya koma gida ya ce an rama, wanda ya harbi mijinta yana can yana shan shayi, mu kuma mun ƙara gawa a kan gawa mun kira ta adalci. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ba ta ce ta yarda ba. Ban nemi ta ce ba.

Ɗan farina kuwa tun ranar bai sake cin abinci a gidana ba. Yakan aiko da hatsi, yakan tsaya a zaure ya gai da marayun ƙanwarsa, in ya ji motsina ya tafi. Na kunyata shi gaban mutanensa, na sani, kuma na karya al'adar da Innarmu ta mutu tana kiyayewa. Kullum in an sauke tuwo ana zuba nasa a rufe. In ya zo ya ci, ɗana ne. Haƙuri dai ba zan ba shi ba, domin ranar rai biyu na tsare, na wanda ke ɗaure da na wanda ke riƙe da bindiga, ko da shi bai gane ba tukuna.

Yaya Mu'azu bai bar bene ba, bai bar sarauta ba, makarantun da ya koyar wasu an rufe su saboda 'yan bindiga. Zauren da muka yi aji yanzu 'yan gudun hijira ke kwana a ciki. In aka auna shi da ma'aunin duniya, malamin ƙauye ne da ya je ƙasa mai nisa ya dawo da labarin wahalar wasu mutane. Amma a wani daji can kudu akwai mutum yana kiwo yau, yana numfashi, wanda bai taɓa ganin Yaya ba, bai san tsohuwar da aka hana ƙuri'a ba, bai san kawunta da aka rataye ba. A cikin garin nan kuma akwai wani da zai tsaya gaban Allah babu wannan jini a hannunsa. Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya sa wannan a mizaninka. Gardamar da muka yi a zaure, kai ka ci.